Iskar Zaure da Iskar Taya

Ni mutum ne mai musu, kuma ban gaji wannan hali a gida ba. Gidanmu na Azare gidan masu kawaici ne, ni kaɗai na fito da baki. A makarantar sakandaren da nake koyar da fiziks, idan aka ji murya ta tashi a ɗakin malamai ba a tambayar ko wane ne. Shayina ya sha hucewa a kan tebur saboda wani ya ce ruwan firij ya fi na randa kashe ƙishi, ni kuwa na ƙi bari ya tafi da wannan magana gida.

Wannan halin ne ya haɗa ni da Malama. Lissafi take koyarwa a wata makarantar 'yan mata, mun haɗu a wani taron bita da aka tara malaman kimiyya. Ina kan allo ina ta zuba bayani, sai ta ɗaga hannu daga baya ta ce na yar da alamar ragi a layi na uku. Na ce ban yar ba. Ta ce na yar. Muka yi ta ja har mai gabatar da taron ya fara duba agogo, sannan na waiwaya na dubi allon da kyau. Na yar kuwa. Da aka tashi, maimakon in nemi hanyar gida sai na tsinci kaina ina tambayar inda take zaune.

A wurin yayarta take zaune a Azare, amma gidansu yana Katagum. Mahaifinta tsohon malamin fiziks ne, ya yi ritaya ya koma gida yana noman shinkafa a fadama. Da magana ta yi nisa tsakaninmu, Baffana, ƙanin mahaifina wanda shi ne waliyyina, ya aika a nemi izinin zuwa neman aure. Amsar da ta dawo ba irin wadda aka saba ba ce. Dattijon ya ce kafin manya su taso, yana son yaron ya zo ya gan shi da idonsa.

Baffa ya kira ni ya zaunar. Ya san halina sarai, don haka bai yi wani kewaye-kewaye ba.

"Ka ga bakin nan naka? A nan Azare za ka bar shi. Suruki ba abokin shayinka ba ne. Ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, idonka a kan tabarma. Duk abin da ya ce, ka ce haka ne. Ko ce maka ya yi akuya tana ƙwai, ka ce haka ne, Baba."

Na ce to. Har ga Allah na yi niyyar cikawa, don ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so auren nan ba.

Muka tafi ni da abokina, mai shagon gyaran waya, wanda rabonsa da fiziks tun ranar da ya fita ɗakin jarrabawa. Tsakiyar bazara ce. Na sa shaddata mai sitaci, kafin mu wuce Gadau ta jiƙe ta manne mini a baya. An matse mu a motar haya tsakanin buhun masara da wata tsohuwa mai ƙwaryar nono, abokina yana ta maimaita mini hudubar Baffa kamar shi aka ba wa aikin.

Muka tarar da dattijon a zaure, ɗan siriri, da tabarau mai kaurin gilashi, yana zaune a kan tabarma. Wani tsohon keke yana jingine da bango, gefensa butar shayi a kan kurfoti. Muka durƙusa muka gaisa, aka yi ta jan gaisuwa: gajiya, iyali, zafi, mutanen Azare. Idona yana kan tabarma, har na haddace inda zaren ja ya tsinke.

"An ce fiziks kake koyarwa," in ji shi.

"Haka ne, Baba."

"Kun kai darasin zafi?"

"Muna kai, Baba."

Ya gyara zama, ya ce, "Yawwa. Ni fa akwai abin da ban taɓa yarda da shi ba tun ina aji. Littafi ya ce wai iska tana da ma'auni biyu na shan zafi, ɗaya idan matsinta bai canza ba, ɗaya idan wurin da take ciki bai canza girma ba. Ni a ganina ɓata takarda ne. Iska ai iska ce. Ka ɗauki iskar zauren nan, ka ɗauki daidai nauyinta a cikin taya. Zafin da zai ɗaga wannan digiri ɗaya, shi ne zai ɗaga waccan. Ko ba haka ba?"

Ba haka ba ne, ko kusa. Wannan darasi ne da nake ji da shi, na koyar da shi har ba na buƙatar duba littafi. Iskar da ke cikin taya a kulle take, ba ta da inda za ta buɗe, don haka duk zafin da ka ba ta a jikinta yake tsayawa, ɗuminta ya hau da sauri, matsinta ya ƙaru. Iskar zaure kuwa ƙofa a buɗe take, matsinta shi ne na sararin Allah, ba ya canzawa. Tana jin zafi sai ta buɗe ta ture iskar da ke kewaye da ita, turawar nan kuwa aiki ce, kuma daga zafin da ka ba ta take cire kuɗin aikin. Shi ya sa take buƙatar zafi fiye da ta taya kafin ta hau digiri ɗayan nan, ƙarin ya kai kusan kashi biyu cikin biyar. Duk wannan bayani ya taso mini har maƙogwaro, na ji shi yana ƙwanƙwasa haƙorana.

Sai na tuna fuskar Baffa. Na haɗiye, na ce, "Haka ne, Baba."

Abokina, don ya taimaka mini, ya ƙara da ƙarfi, "Wallahi haka ne, Baba. Iska ai iska ce."

Ban ga fuskar dattijon ba tunda kaina a ƙasa yake, amma na ji ya aje kofin shayinsa a hankali. Ya tambaye mu ko an fara shirin shuka a wajenmu, ya yi mana addu'a, ya ce mu gaida gida. A hanyar dawowa abokina ya yi ta yaba mini. Ya ce bai taɓa ganin na yi hankali irin na yau ba, Baffa zai yi alfahari da ni. Ni ma na fara jin daɗin kaina, ko da yake maganar tana tsaye mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Ba a jima ba saƙo ya zo wa Baffa daga Katagum: a dakata tukuna.

Duk wanda ya taɓa neman aure ya san nauyin wannan magana. Ba a ce a'a ba, amma ƙofar ta fara rufuwa. Abinci ya fita kaina. Na shiga aji na rubuta kwanan wata a allo na tsaya ina kallonsa har yara suka fara dariya. Baffa kuwa ya yanke hukuncinsa nan take.

"Ka ɗaga kai, ko? Na san ka. Ko ka yi wata magana."

"Wallahi Baffa ban ce komai ba sai haka ne."

"To ka faɗe ta da ƙarfi ke nan. Ladabi har a murya yake."

Da yamma Malama ta kira ni a waya. Ban taɓa jin mutum yana fushi yana dariya a lokaci guda ba sai ranar.

"Malam, me ka je ka yi a gidanmu?"

"Ladabi na yi."

"Ladabi? Baba ya ce mini ɗayan biyu ne. Ko dai ba ka san abin da kake koya wa 'ya'yan mutane ba, ko kuma ka sani ka ji an faɗi kuskure ka yi shiru. Ya ce har yanzu yana tunanin wanne ya fi muni."

Na ce, "To ya zan yi? A gaban mahaifinki zan ce ba haka ba ne?"

"Ni a gaban mutum nawa ka yi musu da ni a kan alamar ragi? Wancan mutumin na kawo wa Baba labarinsa. Wanda ya je Katagum ban san shi ba."

Ta kashe wayar. Na zauna a bakin gado, haushi ya cika ni: haushin dattijon da ya haƙa mini rami, haushin Baffa, haushin abokina da bakinsa, har da haushin iska. Na yi abin da kowane ɗan mutunci zai yi a gaban suruki, ga shi ladabin yana neman raba ni da matar da nake so. Amma a ƙasan haushin akwai wani abu mai kama da murna, don tun ranar da na bar zauren nan nake ƙaiƙayin komawa in gyara maganar.

Na gaya wa Baffa zan sake zuwa gaisuwa. Ya yi na'am, ya ce wannan karon ko tari ya taso mini in danne shi. Ban ce masa to ba, na dai sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauka amsa ce.

Ruwan farko ya sauka kafin mu koma, hanya tana ƙamshin ƙasa, mutane sun bazu gonaki da sungumi. Abokina ya sake raka ni, ban kuwa gaya masa abin da ke raina ba. Muka tarar da dattijon a inda muka bar shi, kamar bai motsa ba. Aka gaisa. Gaisuwa ta ƙare, zauren ya yi tsit, sai ƙarar murfin buta a kan garwashi.

Na yi gyaran murya.

"Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Maganar da aka yi rannan ta iska, akwai ɗan gyara."

Abokina ya taka mini ƙafa.

"Gyara?" in ji dattijon. "A maganar wa?"

"A... a maganar da aka yi, Baba."

"Ni na yi ta. Kai kuma ka ce haka ne. To wa za a gyara?"

"Mu duka, Baba."

Ya ce, "To, bismilla."

Na fara a hankali, idona a tabarma. Na yi bayanin iskar da ke kulle da wadda ke sake. Ya katse ni, ya ce surutu ne, shi abin da ido ke gani yake so. Na waiga, sai na hango famfon keke a ɗaure a jikin tsohon keken nan. Ban nemi izini ba na miƙa hannu na ciro shi. Na toshe bakinsa da babban yatsa, na ce a ɗauka an gasa iskar da ke ciki. Idan na riƙe hannun famfon gam, iskar ba ta da wurin zuwa, zafin duka nata ne. Idan na sake shi, iskar za ta tura hannun waje, matsin ya tsaya yadda yake, amma wani kaso na zafin ya tafi wurin turawa.

Ya karɓi famfon, ya kara shi kusa da kurfoti, ya jira. Hannun famfon bai ko motsa ba.

"Ga shi nan," in ji shi. "Bai tura komai ba."

"Baba, ai robar ciki ce ta bushe ta kama! Famfon nan ya girme ni!"

"Yanzu kuma famfona ne mai laifi."

Daga nan ban san lokacin da kaina ya ɗago ba. Ya jefo mini tambaya: to ruwan butar nan fa, wane ma'auni za a ɗauka, tunda ga murfi a kanta? Na ce na matsin da ba ya canzawa, don murfin buta ba kulle ba ne, ga shi nan yana rawa, ga hanci a buɗe, matsin ciki shi ne na waje. Ya ce to me ya sa ba wanda ya damu da ma'auni biyu a kan ruwa? Na ce saboda ruwa ba ya buɗewa sai ɗan kaɗan, aikin turawar ba shi da yawa, ma'aunin biyu sun kusa zama ɗaya, haka ma ƙarfe da dutse. A iska ne bambancin yake fitowa fili. Ya ce ashe ke nan maganarsa ta tabbata, ma'aunin ɗaya ne.

"A'a, Baba! Ba haka ba ne! A ruwa na ce, a ruwa!"

Na ji muryata ta doki bangon zauren ta dawo. Abokina yana jan gefen rigata kamar zai yaga ta. Hulata tana ƙasa, ban san yaushe na cire ta ba, kuma ina durƙushe a bakin tabarma ina zana famfo da yatsa a kan turɓaya. Daga cikin gida na ji an daina daka.

Dattijon bai ko girgiza ba. Ya nuna butar da ta fara tafasa, ya ce, "To yanzu fa? Ga wuta tana ci, ga matsi bai canza ba. Lissafa mini digirin da ruwan zai hau."

Na ce ba zai hau ba. Da zarar ya fara tafasa, zafin ya koma mayar da ruwa tururi, wannan ma'aunin ya daina aiki a nan, wani lissafin ne daban. Ya ce tukunyar gas da aka manta a rana fa? Na ce wannan a kulle take, ba ruwanta da ma'aunin buɗaɗɗen wuri, kuma don Allah a shigar da ita inuwa. Muka yi ta yi har aka kira la'asar. Rabona da jin daɗin musu irin wannan har na manta, don mutumin ya san duk inda rami yake, yana kai ni bakinsa ya tsaya ya ga ko zan faɗa.

Da muka dawo daga masallaci hankalina ya dawo jikina, tsoro ya biyo shi. Na ɗaga murya a zauren mutumin da nake neman 'yarsa. Na ce masa a'a, ba sau ɗaya ba. Abokina ya raɗa mini cewa shi dai ba da shi aka yi ba, kuma zai gaya wa Baffa haka. Na ɗauki hulata na kaɗe, na koma na durƙusa, na fara neman kalmar ban haƙuri.

Dattijon ya cire tabaransa yana gogewa da bakin riga. Ba tare da gilashin ba idanunsa ƙanana ne, sun gaji.

"Tun da na aje alli," in ji shi, "duk wanda ya shigo zauren nan da amincewarsa yake shigowa. Kwanaki na ce wa maƙwabcina ina jin bana rana ta arewa take fitowa. Ya ce ikon Allah, Malam."

Abokina ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya toshe baki.

"Mutum ɗaya ce ba ta ƙyale ni," ya ci gaba. "Tun tana 'yar mitsitsiya take tsayawa a bakin ƙofar can ta riƙe ƙugu ta ce Baba ba haka ba ne. Uwarta ta yi faɗan har ta gaji. Yanzu ma duk hutu idan ta zo sai mun yi musu. Idan na kai ta gidan da ba a iya cewa babba ya yi kuskure, bakin nan nata zai zame mata laifi, a hankali ta koyi yin shiru. Ni kuma ban raine ta don ta yi shiru ba."

Ya mayar da tabaransa, ya ɗaga murya ya ce a kawo abinci. Aka shigo da babban kwano na burabusko da miyar kifi, tarwaɗa ce ta kogi, ƙamshinta ya cika zauren. Na yunƙura zan ja baya in ba shi wuri, don ban taɓa jin inda mai neman aure ya sa hannu a kwano ɗaya da uban yarinya ba. Ya turo mini butar wanke hannu da ƙafarsa.

"Wanda ya yi mini ihu a zaurena ba zai ji kunyar loma a gabana ba. Matso."

Na matsa. Abokina ya riga ni, shi da ma kunyarsa ba ta kai ciki ba. Muna ci dattijon ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka gaya wa Baffanka su zo. Amma da sharaɗi. Za ka ɗauke mini mai musuna ka kai Azare, to duk zuwan da za ta yi gida, tare za ku zo. Kada ka sauke ta a ƙofa ka ce kana jin nauyi."

Na ce, "In sha Allahu, Baba." Murna ta cika ni. Na saci kallonsa, na ga ya daina ci, yana kallon ƙofar da ke shiga cikin gida. Sai a lokacin na gane cewa duk kwanakin nan ba ni kaɗai nake tsoron rasa ta ba.